Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Shugabannin Ikilisiya Kan Muhawarar Halitta da Juyin Halitta

Zuwa ga iyayenmu fastoci da dattawan ikilisiya, da shugabannin makarantun Littafi Mai Tsarki, da masu rubuta darussan makarantar Lahadi.

Muna gaishe ku cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu, da fatan kuna lafiya, ku da iyalanku da garken da aka danƙa a hannunku.

Mu da muka rubuto muku masu bi ne. Waɗansunmu suna koyar da ilimin halittu da na duwatsu, waɗansu kuma Ibrananci da tauhidi. Bakinmu bai zo ɗaya ba a kan fassarar kwanaki shida na Farawa sura ta ɗaya, kuma ba mu zo jan ku zuwa wani ɓangare ba. Abin da ya haɗa mu shi ne damuwa kan irin makamin da ake riƙa wa matasa. Yaro ya tashi ana gaya masa cewa duk wanda ya yarda duniya ta haura shekara 6,000 ya ƙaryata Allah, an kuma ba shi hujjoji uku ko huɗu ya kare kansa da su. Ya shiga jami'a, tun a zangon farko malami ya rushe hujjojin nan cikin minti goma, ba da wata mugunta ba, da alli da allo kawai. Daga ranar yaron ba ya tsayawa kan cewa an yi kuskure game da shekarun duwatsu. Sai ya fara tambayar kansa ko abin da aka gaya masa game da tashin Almasihu ma haka yake. Bishop Agustin na Hippo ya hango wannan tun shekara 1,600 da suka wuce. A sharhinsa na Farawa ya gargaɗi masu bi cewa idan marar bi ya ji Kirista yana shirme kan abin da shi ya sani sarai game da ƙasa da taurari, yana kuma jingina shirmen ga Nassi, to zai yi wuya ya gaskata Nassin idan ya zo maganar tashin matattu.

Tushen rikicin shi ne an cusa tambayoyi huɗu cikin buhu ɗaya an ɗaure baki. Akwai tambayar wane ne ya yi sama da ƙasa, wadda babu Kiristan da yake jayayya a kanta, kuma babu na'urar da za ta iya amsa ta. Akwai tambayar yaushe, wannan aikin masana duwatsu da taurari ne. Akwai tambayar ko rayayyun halittu sun fito daga kakanni ɗaya suka rarrabu a hankali, wato juyin halitta, ita ce ainihin abin da Charles Darwin ya kawo a littafinsa na 1859. Sai tambayar Adamu, da zunubi, da mutuwa. Mutum yana iya yarda duniya tsohuwa ce ya ƙi juyin halitta, kamar masanin taurari Hugh Ross da mabiyansa. Yana iya yarda da duka biyun ya riƙe Adamu a matsayin mutum na tarihi. Ka'idar Darwin kuma ba ta bayyana yadda rai ya fara ba, wannan har yau masana ba su warware shi ba. Batun cewa sararin samaniya yana da mafari, yana kuma faɗaɗa, wani fada ne na Katolika ɗan Beljiyom, Georges Lemaître, ya kawo shi a 1927 da 1931. Duk darasin da ya dunƙule waɗannan wuri ɗaya ya sa musu suna "koyarwar Darwin" ya riga ya ɓatar da ɗalibi tun kafin a fara.

Shekara 6,000 ɗin da ake ambata ba ta cikin kowace aya. Lissafi ne, mafi shahara kuma shi ne na Akbishop James Ussher na Ailan, wanda a 1650 ya tara shekarun zuriyoyi ya fitar da 4004 kafin haihuwar Almasihu. Daga baya masu buga Littafi Mai Tsarki na Turanci suka riƙa sa wannan lamba a gefen shafi, har mutane suka ɗauka daga cikin Nassi take. Ya kamata ɗalibin tauhidi ya san inda lissafin yake tangarɗa. Daga Adamu zuwa ruwan tsufana, rubutun Ibrananci ya ba da shekara 1,656, na Samariyawa 1,307, tsohuwar fassarar Helenanci kuwa, wadda marubutan Sabon Alkawari suka yi ta ɗauko ayoyi daga cikinta, ta ba da fiye da 2,200. Luka 3:36 ya sa sunan Kayinan tsakanin Arfakshad da Shela, sunan da babu shi a Farawa 11 na Ibrananci. Matiyu 1:8 ya tsallake sarakuna uku, Ahaziya da Yowash da Amaziya, ya ce Yoram ya haifi Uzziya, alhali jikan jikansa ne. William Henry Green, malamin Tsohon Alkawari a Princeton wanda babu mai zarginsa da sassauci kan ikon Nassi, ya nuna a 1890 cewa ba a rubuta jerin zuriyoyin nan domin ƙirga shekarun duniya ba.

Haka kuma ba gaskiya ba ne cewa ikilisiya ta tsaya kan kwana shida masu awa 24 har sai da Darwin ya zo ya girgiza ta. Orijen, malamin ikilisiya a ƙarni na uku, ya riga ya tambaya yadda za a yi safiya da maraice kwana uku kafin a yi rana a kwana na huɗu. Agustin ya ɗauka an yi halitta duka a lokaci guda. Littafi Mai Tsarki mai sharhin Scofield na 1909, wanda masu tsantsar riƙon Nassi suka runguma, ya koyar da cewa akwai dogon zamani tsakanin aya ta ɗaya da ta biyu. William Jennings Bryan, wanda ya tsaya wa masu adawa da juyin halitta a shari'ar malami John Scopes a garin Dayton na jihar Tennessee ta Amurka a 1925, inda aka tuhumi malamin da koyar da juyin halitta, ya faɗa a gaban kotu cewa kwanakin suna iya zama dogayen zamanai. Ra'ayin cewa ruwan tsufana ne ya shimfiɗa kusan dukan duwatsun da ke ɗauke da burbushin halittu, George McCready Price ne ya yaɗa shi a 1923, bai kuma samu karɓuwa sosai ba sai da John Whitcomb da Henry Morris suka fitar da littafinsu a 1961. Wannan bai nuna ra'ayin kuskure ne ba. Masu riƙe da kwana shida masu awa 24 suna da hujjojin Nassi masu nauyi: kowace rana cikin shidan an ba ta lamba tare da maraice da safiya, kuma Fitowa 20:11 ta ɗora hutun Asabar a kan kwana shida na halitta. Masu ganin kwanakin ba masu awa 24 ba ne su ma suna da nasu: rana ta bakwai ba a rufe ta da maraice da safiya ba, Farawa 2:4 ta kira dukan aikin halittar "rana" da kalmar Ibrananci guda, kuma kwanaki uku na farko suna shirya wurare, uku na baya suna cika su bi da bi, haske da masu ba da haske, ruwa da sarari da kifaye da tsuntsaye, sandararriyar ƙasa da dabbobi da mutum. A koya wa ɗalibi duka biyun.

Inda muka fi so ku ba mu aron kunne shi ne awon shekaru, domin nan ne aka fi yin ɓarna. Sau da yawa za ka ji mai wa'azi yana cewa awon kabon ne ya ba da miliyoyin shekaru, kuma awon kabon ƙarya ne. Awon kabon bai taɓa ba da miliyoyin shekaru ba, ba zai ma iya ba. Ga yadda yake aiki. Duk abu mai rai yana ɗaukar wani nau'in kabon da ake kira kabon-14 daga iska ko abinci. Da ya mutu sai ɗaukar ta tsaya, wanda ke jikinsa ya fara raguwa, rabi a kowace shekara 5,730. Bayan zagaye goma, wato shekara 57,300, abin da ya rage bai kai kashi ɗaya cikin dubu ba. Shi ya sa awon ba ya wuce wajen shekara 50,000, kuma a kan abin da ya taɓa rayuwa kawai ake yin sa, kamar ƙashi da itace da gawayi. Yana kuwa da wuraren da yake kuskure, masanan ne da kansu suka gano su. Dodon koɗi da ke rayuwa a ruwan da ya narkar da farar ƙasa yana gina ɓawonsa da tsohon kabon, sai awo ya nuna ya shekara dubbai alhali yana raye. Idan kuma aka kawo abin da babu sauran kabon-14 a jikinsa ko kaɗan, amma ya gurɓata da sabon kabon kashi ɗaya cikin ɗari kacal, na'ura za ta ba da kusan shekara 38,000. Wannan ne bayanin da masana suke bayarwa idan aka ce an sami kabon-14 a cikin kwal ko ƙashin dabbar da ta daɗe da ƙarewa.

Shekarun duwatsu da wasu ma'aunai ake gano su. Mafi ƙarfi a ciki shi ne na wani ɗan ƙanƙanin lu'ulu'u mai suna zirkon, wanda sau da yawa bai fi ƙwayar yashi ba. Lokacin da yake daskarewa daga narkakken dutse yana karɓar yuraniyom a jikinsa, amma yana ƙin dalma. Saboda haka kusan duk dalmar da aka tarar a cikinsa daga ruɓewar yuraniyom ta fito. Abin da ya sa aka amince da shi shi ne agogo biyu ne a cikin ƙwaya ɗaya: yuraniyom-238 yana komawa dalma-206, rabi a shekara biliyan 4.47, yuraniyom-235 kuma yana komawa dalma-207, rabi a shekara miliyan 704. Idan zafi ko ruwa ya taɓa ƙwayar har dalma ta zube, agogon biyu za su saɓa, mai awo ya gane nan take. Idan sun yi daidai, da wuya a ce sa'a ce. Zirkon mafi tsufa da aka samu, daga tsaunukan Jack Hills na yammacin Ostireliya, ya ba da shekara biliyan 4.4. Shekarun duniya kanta kuwa, Clair Patterson ya fitar da biliyan 4.55 a 1956 daga duwatsun da suka faɗo daga sararin sama, kuma awon da aka yi ta yi tun daga lokacin bai gusa daga nan ba sai da ɗan kaɗan.

Akwai labarin da ke yawo a littattafan darasi, cewa an ɗauki dutsen da ya daskare a 1986 a kan dutse mai aman wuta na St. Helens a Amurka, aka auna shi da ma'aunin fotasiyom da agon, ya ba da wajen shekara 350,000. Haka aka yi. Sai dai fotasiyom-40 yana ɗaukar shekara biliyan 1.25 kafin ya ragu da rabi, don haka cikin shekara goma agon ɗin da zai samar bai kai abin da na'ura za ta gani ba. Kamar a ɗora allura a kan sikelin awon tirela ne. Abin da na'urar ta karanta tsohon agon ne da ya maƙale cikin ƙwayoyin da ba su gama narkewa ba. Ga gwajin da ya fi dacewa a gaya wa ɗalibi: aman wutar Vesuvius da ya binne birnin Pompeii ya faru a shekara ta 79 bayan haihuwar Almasihu, tarihi ya rubuta. A 1997 masana a Berkeley suka auna tokarsa da ingantaccen ma'aunin agon suka sami shekara 1,925, da yiwuwar kuskure na 94 sama ko ƙasa. Amsar gaskiya a lokacin 1,918 ce.

Masana masu ra'ayin cewa duniya ba ta wuce 'yan dubban shekaru ba ma sun san nauyin wannan. Binciken da suka gudanar da kansu tsakanin 1997 da 2005 ya amince cewa duwatsu suna ɗauke da shaidar ruɓewar da za ta ci ɗaruruwan miliyoyin shekaru bisa saurin yau. Suka ce Allah ya hanzarta ruɓewar a makon halitta da lokacin ruwan tsufana, suka kuma amince cewa zafin da hakan zai haifar matsala ce da ba su warware ba. Mun yaba musu da faɗin gaskiya. Abin takaici, wa'azin da ake yi da sunansu ba ya kai wannan gaskiyar ga jama'a. Ban da haka akwai ƙirge-ƙirgen da ba su dogara da ruɓewar komai ba: zoben shekara na itatuwa da aka jera a Turai ya wuce shekara 12,000 ba yankewa, an kuma ƙirga shimfiɗun ƙanƙarar Girinlan ɗaya bayan ɗaya har 60,000. Hasken taurarin Andromeda yana shekara miliyan 2.5 a hanya. Wasu kan ce Allah ya halicci hasken yana tsakiyar tafiya, yadda ya halicci Adamu babba. Philip Gosse ya kawo irin wannan tunani tun 1857. Amma a 1987 an ga fashewar wani tauraro mai nisan tafiyar haske ta shekara 168,000. Idan an halicci hasken a hanya ne, to abin da aka gani hoton mutuwar tauraron da bai taɓa wanzuwa ba ne. Duk mai koyar da wannan amsa ya shirya bayyana yadda ta dace da Allahn da ba ya ƙarya.

Waɗansu hujjoji kuwa sun mutu murus, har manyan ƙungiyoyin masu ra'ayin kwana shida sun roƙi mabiyansu su daina amfani da su, amma suna nan a darussanmu. Darwin bai tuba ya janye ka'idarsa a gadon mutuwa ba: ya rasu a 1882, labarin ya fito a 1915, 'ya'yansa kuma sun ƙaryata shi. Namiji da mace duk haƙarƙari 24 gare su. Sawun mutum da aka ce an gani tare da na dinoso, dabbobin dā da suka ƙare, a kogin Paluxy na Texas, masu yaɗa shi da kansu sun ja da baya a 1986. Tambayar "in daga biri muka fito, me ya sa har yanzu akwai birai?" ba ta taɓa ka'idar ba, domin abin da take cewa shi ne mutum da birin cimfanzi sun haɗa kaka, kamar yadda 'yan'uwan juna suke haɗa kaka ba tare da ɗaya ya haifi ɗaya ba. Ramin ƙarya ƙurarre ne, ko da an haƙa shi da kyakkyawar niyya.

Hujjar da ɗanku zai tarar a aji ba ta ƙasusuwa ba ce kawai, ta ƙwayoyin gado ce, gara kuma ya fara jin ta daga bakinku. Mutum yana da kuromosom, wato ƙunshin ƙwayoyin gado, tagwaye 23, cimfanzi da goggon biri (gorila) suna da 24. Kowane kuromosom yana da wata kalmasa a bakinsa biyu, jerin haruffa shida, TTAGGG, da ake ta maimaitawa domin kada bakin ya zare, yana kuma da ƙugu ɗaya a tsakiya inda ake kama shi lokacin da ƙwaya take rabuwa. Idan da gaske kakanninmu suna da 24, dole a sami wani kuromosom namu da yake biyu ne a haɗe, da kalmasa a tsakiyarsa inda bai kamata ba, da ƙugu biyu. A 1991 aka gano wurin haɗin a kuromosom na 2: jerin kalmasar nan biyu sun yi karo kai da kai a tsakiya, can gaba kuma ga ragowar ƙugu na biyu da ya daina aiki. Amsar da ta fi ƙarfi daga masu adawa ita ce wannan ya nuna kakannin mutum sun taɓa samun 24 ne kawai, bai nuna sun haɗa kaka da biri ba. Amsa ce mai ma'ana, ita ya kamata a koyar, a daina musun cewa haɗin yana nan. Sai dai akwai ta biyu da ta fi wuya. Yawancin dabbobi masu shayarwa jikinsu yana haɗa bitamin C da kansa. Mu da birai ba ma iyawa, amma muna ɗauke da ƙwayar gadon da ke yin aikin, a lalace, kuma lalacewar tamu da tasu ta yi kama. Duk malamin da ya taɓa kama satar amsa ya san cewa ɗalibai biyu su sami amsa daidai iri ɗaya ba ya nuna komai, amma su yi kuskure iri ɗaya a layi ɗaya, nan ake kiran su ofis. Cewa Mahalicci ɗaya ne ya yi su yana bayyana kamannin abin da ke aiki. Kamannin abin da ya lalace yana bukatar ƙarin bayani, masu ra'ayin halitta kai tsaye kuma suna ta aiki a kai. A gaya wa ɗalibi haka.

Game da burbushin halittu, gaskiya ne an taɓa yin zamba. Ƙoƙon kan Piltdown da aka fito da shi a Ingila a 1912 kan mutum ne aka haɗa da muƙamuƙin biri, aka goge haƙoran aka rina su, ya kuma yaudari mutane har 1953. Amma masana kimiyya ne suka tona asirin. A ɗaya gefen, ka'idar ta yi hasashen da ya tabbata: masu bincike sun lissafa cewa halittar da ke tsakanin kifi da dabbar tudu za ta kasance a duwatsun rafi masu shekara wajen miliyan 375, suka nufi tsibirin Ellesmere a arewacin Kanada, suka yi shekaru suna tono, a 2004 suka sami Tiktaalik, kifi mai ɓawo da fiffike, amma mai wuya da faffaɗan kai da ƙasusuwa irin na wuyan hannu a cikin fiffikensa. A 2010 kuma aka ba da rahoton sawun dabba mai ƙafa huɗu a Folan da ya girme shi, abin da ya tilasta sake duba jadawalin. Haka ilimin yake tafiya, da gyara a bainar jama'a.

Kada a ɗauka muna cewa duk abin da aka faɗa da sunan kimiyya a haɗiye shi. Idan masani ya ce juyin halitta ya nuna babu Allah, ko rayuwa ba ta da manufa, ya fita daga ɗakin gwaji ya hau mumbari, kuma ya kamata a koya wa matasa gane daidai inda ya tsallaka. Charles Hodge na Princeton ya kira koyarwar Darwin rashin yarda da Allah a 1874 domin ya fahimce ta a matsayin musun manufa. Asa Gray, masanin tsirrai na Harvard, mai bi kuma abokin Darwin, ya ga hanya ce da Allah ya bi. Zabura 139 ta ce Allah ne ya saƙa mu a cikin mahaifa, kuma babu wanda ya bar gaskata wannan don likita ya bayyana yadda ɗan tayi yake girma mako-mako. Tsoron su Bryan ma yana da dalili: littafin da aka yi shari'ar 1925 a kansa ya jera jinsunan mutane daga na ƙasa zuwa na sama, ya goyi bayan hana waɗansu haihuwa. An yi wannan mugunta da sunan Darwin, kamar yadda aka yi cinikin bayi da sunan la'anar Kan'ana. Ilimin ƙwayoyin gado na yau ya rushe wancan jeri, domin ya nuna 'yan Adam duka dangi ɗaya ne na kusa ƙwarai, abin da Bulus ya faɗa wa mutanen Atina a Ayyukan Manzanni 17:26.

Muna ganin an bar jaki ana dukan taiki. Ƙarfin da ake ƙararwa kan tsawon kwanaki, a kan Adamu ya kamata a sa shi, domin Romawa 5 da 1 Korantiyawa 15 sun ɗaura shi da aikin Almasihu. Matsalar ita ce yawan bambancin da ke cikin ƙwayoyin gadon mutane a yau ya fi abin da mutum biyu za su iya gadarwa cikin 'yan dubban shekaru, lissafin masana yana nuna cewa kakanninmu jama'a ce ta dubbai. Masu bi sun ba da amsoshi daban-daban, kowace da kuɗin da ake biya. Mai riƙe da Adamu da Hauwa'u na kwanan nan a matsayin tushen kowa shi kaɗai dole ya yi bayanin wancan bambanci. William Lane Craig, a 2021, ya mayar da su baya zuwa wajen shekara 750,000, sai tazarar ta yi nisa da duniyar noma da kiwo ta Farawa 4. Derek Kidner da John Stott sun ɗauki Adamu a matsayin shugaba da wakilin mutanen zamaninsa, sai tambayar yadda zunubi ya kai ga waɗanda ba daga tsatsonsa suke ba. Joshua Swamidass, a 2019, ya nuna cewa mutum biyu na 'yan dubban shekaru baya suna iya zama kakannin kowa ta wajen asali ko da akwai wasu mutane a wajen gonar Aidan, sai tambayar matsayin waɗancan mutane. Cocin Katolika, ta bakin Paparoma Pius na 12 a 1950, ya yarda a binciki asalin jiki, ya dage cewa Allah ne yake halittar ruhun mutum kai tsaye. Haka batun mutuwa: Romawa 5:12 tana maganar mutuwar da ta bazu ga mutane, Zabura 104:21 ta nuna zakoki suna neman abincinsu daga wurin Allah, amma Farawa 1:30 da Romawa 8:20-22 suna ba masu cewa babu mutuwar dabba kafin faɗuwa abin riƙewa. Fasto da ya fita makaranta bai taɓa zama da waɗannan ba, ranar da ɗalibin likitanci ya tare shi bayan sujada ba shi da abin ba shi.

Ga abin da muke roƙo, iyayenmu. Kafin a sake buga kowane darasi kan halitta, a ba mutum biyu su duba shi, ɗaya ya san Ibrananci, ɗaya ya san fannin kimiyyar da aka taɓo, a kuma cire hujjojin da muka ambata sun mutu ko da sauran darasin bai canza ba. A makarantun tauhidi a karanta kowane ra'ayi daga rubutun masu shi, jarrabawar kuma ta zama ɗalibi ya bayyana ra'ayin da bai yarda da shi ba yadda mai ra'ayin zai ce haka ne. Ƙananan yara a tsaya musu kan wane ne ya yi halitta, da cewa tana da kyau, da cewa an yi mutum cikin siffar Allah. Masu shekara 13 zuwa 15 a raba musu tambayoyi huɗun nan. Masu shirin shiga jami'a a zauna da su kan zirkon da kuromosom na 2 kafin su tafi.

Ɗarikar da take da matsayi a kan kwana shida, kamar 'yan Adventist, tana da ikon koyar da shi, sai dai ta faɗi wahalhalunsa tare da shi. Amma muna roƙo kada shekarun duniya su zama sharaɗin baftisma ko na cin Jibin Ubangiji. Shaidar Bangaskiyar Manzanni da ta Nikiya sun ce Allah Uba ne mahaliccin sama da ƙasa, ba su sa lamba ba. Wata ɗarikar Firesbiteriyan a Amurka mai tsananin riƙon Nassi ta karɓi rahoto a 2000 da ya bayyana fassarori huɗu na kwanakin da ake samu a tsakanin limamanta, ba ta kuma kori masu ko ɗaya ba. Mu ma da muke koyar da kimiyya a ja mana kunne idan muka raina ɗan'uwa mai ra'ayin kwana shida, domin yawancinsu kishin Maganar Allah ne ya tsayar da su a nan. Idan kun ga ya dace, a shirye muke mu duba darussan da kuke da su yanzu, shafi bayan shafi, mu nuna wuraren da ke bukatar gyara.

Naku cikin Almasihu,
Waɗansu 'ya'yanku malaman kimiyya da na tauhidi.